Wankin Ramin Kunkuru

Da aka kawo ni gidan mijina a Filinge, mutum biyu na tarar da kunkuru ɗaya. Mijina ma'aikacin dabbobi ne, irin waɗanda ke bin rugage da allura lokacin rigakafin shanu. Mahaifinsa kuwa tsohon mahaƙin rijiya ne. In ka ji ta bakinsa, rabin rijiyoyin da ke tsakanin Filinge da Sanam da hannunsa ya fasa su. Uwar mijina ta riga mu gidan gaskiya tun kafin a yi maganar aurena, saboda haka girki da shara da wanki duk suka dawo kaina, har da hidimar kunkuru, wadda ba wanda ya ambata mini lokacin neman aure.

Baba, haka nake kiran surukina, ya tsinci kunkurun ne a shekarar fari, a bakin wata rijiya da suka yi ta haƙa ba su ga ko laima ba. Lokacin bai fi ludayi ba. Ya jefa shi a aljihun taguwa ya kawo gida. Sa'ad da na zo ya kai masaki a kife, sai mutum biyu sun haɗu suke ɗaga shi. Baba ya gina masa ɗan shingen laka bayan rumbu, tsayinsa iya gwiwa, da rumfar zana da kaskon ruwa. Kunkurun kuma ya haƙa wa kansa rami a kusurwa. Baba yakan tsuguna a bakin ramin nan yana kaɗa kai.

"Ɗiyata, zo ki dibi aikin gwani," yake ce mini. "Ba igiya, ba guga, ba mai tsaya mishi bisa kai."

Baba ba ya ce masa kunkuru. Tsoho yake ce masa. Mutanen gari kuma Tsoho suke ce wa Baba, ba wanda ya taɓa ganin illar haka.

Ni dai ba mu taɓa shiri da dabbar nan ba. Shingen ba ya riƙe shi, da ƙirji yake ture shi in ya ga dama. Duk abin da na shanya nasa ne: kuɓewa, yakuwa, tattasai. Abin da ya fi ba ni haushi, in na ƙunsa lalle, sai ya ɗauka yatsun ƙafata tumatir ne. Ina zaune ina tankaɗe sai in ji an cafke ni. In na kai ƙara, Baba ya ce ai yabo ne, ba kowace ƙafa Tsoho ke kulawa ba.

A shekara ta shida da aurena, ƙarshen damina, gero ya fara nuna, kunkuru ya daina cin abinci. Idanunsa suka kumbura, hancinsa yana yoyo. Mijina ya duba shi ya ce shi shanu da awaki aka koya masa, bai san inda ake soka wa kunkuru allura ba. Rannan kunkuru ya shige raminsa bai fito ba. A kwana na uku wari ya fara tashi. Baba ya ɗauko tsohuwar igiyarsa da ƴar gajeruwar hauya, ya fasa bakin ramin ta sama, suka jawo shi shi da ɗansa. Suka ɗora shi a amalanken jaki suka kai shi bayan gari, suka rufe shi a gindin wani gawo.

Suna can ke nan wata mata mai tallar cuku ta yi sallama. Daga wajen Damana take zuwa, takan biyo ta gidanmu kafin ta hau motar komawa. Ni kuwa ina tsaye da tsintsiya, na toshe hanci da gefen zane.

Na ce, "Yau ki yi haƙuri, ba mu da sukuni. Tsoho ya mutu. Kwana ukku shina cikin rami, sai da ya yi wari anka hiddo shi."

Ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta daɗe tana kallona kamar na tofa miyau a cikin tuwo, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta fita da sauri. Na ce a raina, matar nan akwai tausayin dabba.

A makon nan kuma kajina biyu suka mutu. Wannan ne ya tayar wa mijina da hankali. Zamanin soja ne, lokacin da masu duba-gari ke faɗowa gida su leƙa randa, su leƙa makewayi, su ɗaga murfin tukunya. In aka ce ciwon kaji ya ɓulla a unguwa, kuma daga gidan ma'aikacin dabbobi ya fara, to ba kunya kaɗai ba ce, har gaban kwamanda mai mulkin gari sai ya je. Washegari da hantsi ya dawo daga wurin aiki da kaya niƙi-niƙi. Akwai galan na gerezil, wani baƙin ruwa mai kashe ƙwayar cuta, wanda in ya haɗu da ruwa yake komawa fari kamar nono, warinsa kuwa ya fi na abin da aka zo korewa. Akwai kwalbar jabel, ruwan nan mai farar da tufa, da buhun farar ƙasa, da famfon feshi irin na goyawa a baya. Ya sa farar rigarsa ta aiki, da takalman roba har gwiwa, da safar hannu, ya naɗe hanci da baki da rawani, idanu kaɗai ake gani.

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wanga duk na mi na?"

"Na kashe cuta na, Baba."

"Cuta ta riga ta kashe wanda za ta kashewa. Toka da rana sun isa. Rijiyar da jaki ya hwaɗa ciki ma, yashe ta mukan yi, mu bar ta ta sha iska, mutane su ci gaba da sha."

"Baba, wancan zamani daban, wanga daban."

"To, zamani, bismilla," in ji Baba, ya koma gefe ya zauna a kan turmi.

Ni aka ba wa ɗaukar ruwa da kwashe shara. Mijina ya ce komai da tsarinsa, magani ba ya aiki a kan ƙazanta, sai an share tukuna. Muka kwashe kashin kunkuru da ragowar ganye. Muka rushe rumfar, muka tara zanar da karan a tsakar gida muka cinna musu wuta. Ya sa na kankare ƙasar wurin zurfin tafin hannu, na riƙa kai ta bayan gari a kwando. Kaskon ruwan kuwa ya ce yumɓu yana shan cuta, wanki ba ya fitar da ita, ya ɗaga shi ya fasa. Na ga Baba ya runtse ido. Muka goge katangar shingen da ruwan sabulu, sannan ya dama gerezil ya goya famfo ya shiga feshi. Ni kuma da na ga kwalbar jabel a ajiye, na ce bari in ƙara masa a ciki aikin ya yi ƙarfi. Ya daka mini tsawa ta cikin rawani, ya ce ba a haɗa su, so nake a kwashe mu mu uku a amalanken jiya? Jabel na wanke bokiti da hauya ne, da hannuwanmu in an gama.

Sai aka zo kan ramin. Ashe abin da muke gani baki ne kawai. Ramin ya gangara, ya karkata, ya bi ta ƙarƙashin rumbu ya nufi katangar maƙwabta. Mijina ya kwanta ya zura bakin famfo iya tsawon hannunsa, bai kai ko'ina ba. Ya tashi yana haki.

Baba ya miƙe daga kan turmi ya fara tuɓe taguwa.

"Kauce. Kai ka san magani, ni na san rami."

Mijina ya yi ta roƙonsa, ya ce shekaru sun ja, ƙasar za ta iya ruftawa. Baba ya ce ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, ba ta rufta masa yana saurayi marar hankali ba, ba yanzu za ta fara ba. Ya faɗaɗa bakin ramin da hauya, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa ɗansa ɗaya bakin, ya shige da rarrafe. Can sai muka ga ƙasa tana fitowa, sannan wasu abubuwa suka fara biyo ta. Ludayina na duma da na yi shekara ina nema. Rabin kallabi. Ɗan kunnena ƙwaya ɗaya. Takalmin wani baƙo da ya taɓa kwana a gidan ya tafi yana zargin karen maƙwabta. Ramin gangara ne, duk abin da kunkuru ya tura da ƙirjinsa can yake ƙarewa.

Sai ga wani ɗan abu mai mariƙin itace ya faɗo a gaban mijina. Hatimin biro ne, wato na ofishinsu. Shekara biyu kafin nan ya dawo daga rangadi da shi a aljihu, washegari ya neme shi sama da ƙasa ya rasa. A kan hatimin nan kwamanda ya tsayar da shi a rana tun hantsi har azahar, kaɗan ya rage a tura shi can arewa inda ko gawo ba ya tsira. Ni kuwa na sha magana. Wata guda yana cewa ni na share shi cikin shara, ko na jiƙa shi a ruwan wanki na ɓoye.

Ya ɗauka yana juya shi a hannu. Ni kuwa na yi ɗan tari.

Ya ce, "Mi na na?"

Na ce, "Gerezil na ya shiga mini maƙogwaro."

Ya waiga hagu da dama, ya jefa hatimin cikin wutar zana. Warin roba ya ƙaru a kan na gerezil. Bai ba ni haƙuri da baki ba, amma da kasuwa ta ci ya sayo mini sabon kallabi.

Baba ya kira daga ciki a miƙo masa farar ƙasa. Muka zura masa a ƙwarya, ya fara barbaɗawa tun daga ƙurya yana ja da baya. Azahar ta gota ke nan muka ji kuka daga ƙofar gida, kukan mata da yawa, irin na mutuwa. Kafin in aje kwando sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Damana, ta shigo hannu bisa ka. Bayanta mata shida da dattawa biyu, ɗaya yana janye da bunsuru, ɗaya da ɗan buhun gero a kafaɗa.

Suna shigowa kukan ya tsaya cak. Ga hayaƙi ya turnuƙe gida, ga wari mai sa hawaye, ga wani mutum cikin fararen kaya ba a ganin fuskarsa, da tulun ƙarfe a baya.

Mai bunsuru ya ja da baya ya ce, "Annoba ta! Wallahi annoba ta!"

Gwaggo ba ta da tsoro. Ta gane ɗan yayanta ta idanu, ta nufe shi.

"Kai, ina ubanka? Ina kunka kai shi ban gane shi ba?"

Mijina bai san abin da ya kawo su ba. Ya ɗauka tambayar Baba take yi kamar kullum. Ya nuna ramin da bakin famfo ya ce, "Shina ciki, Gwaggo."

"Ciki? Cikin gida kunka bizne shi, bayan rumbu, kamar kaza?"

"A'a, shi da kainai ya shiga. Na hana shi, ya ƙiya."

Daidai nan igiya ta motsa. Tafin ƙafa biyu suka fito daga ramin, farare fat. Sannan ƙwauri, sannan baya. Baba ya miƙe tsaye daga shi sai ɗan wando, farar ƙasa ta rufe shi tun daga gashin kai har yatsa, idanunsa jajur, ga igiya a ƙugu.

Ban taɓa ganin tsofaffin mata sun yi gudu irin na ranar ba. Su shida suka haɗu a ƙofar zaure, ƙofar da mutum ɗaya ke wucewa. Bunsuru ya ƙwace ya bi ta cikin ruwan gerezil. Dattijon da ya zo da shi ya dafa rumbu yana neman hawa yana karatu da ƙarfi, ayar da ya fara daban, wadda ya ƙare da ita daban. Mai gero kuwa ya saki buhu a kan ƙafarsa. Gwaggo kaɗai ba ta gudu ba. Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Yaya," ta ce da ƴar murya, "kai na?"

"Ni na mana." Baba ya goge ido ya dubi mutanen, ya ga gero, ya ga bunsuru. "Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Kai!"

"Ni? Yaushe?"

"Jiya anka hwaɗa muna. An ce kwana ukku kana cikin rami, har ka yi wari."

Duk suka juyo suka dube ni, ban san yadda aka yi suka gane ba. Nan take mai tallar cuku ta faɗo mini a rai. Na so a ce ramin nan bai sha farar ƙasa ba, da ni ma na shige.

Da aka warware zance, aka kira matan da suka gudu, Gwaggo ta taɓa hannun Baba, ta matsa, ta tabbatar nama ne da ƙashi. Sannan ta juyo kaina. Ta ce tun daga Damana take shirya mini faɗa a cikin mota, kuma ba za ta koma da shi ba. Wace irin ɗiya ce za ta ce surukinta ya mutu? Jaki ke mutuwa, mutum rasuwa yake yi. Na ce ai Gwaggo kunkuru nake nufi. Ta ce wannan ba hujja ba ce, tunda wadda ta ji ba ta sani ba. Na durƙusa na karɓi faɗan har ƙarshensa.

Ba mu gama da wannan ba sai ga gardi biyu, dogaran kwamanda, da kulake. Ashe matan da suka fita sun bi titi suna ihun annoba, ga kuma taro ba izini, abin da ba a wasa da shi a lokacin. Mijina ya warware rawani ya ƙame. Babban ya ce a nuna masa mamacin. Baba ya ɗaga hannu. Gardin ya dube shi, ya dubi Gwaggo, ya ce a sake yi masa bayani a hankali. Aka sake. Ya zagaya shingen, ya leƙa ramin, ya yi atishawa uku, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin wuri mai tsabta haka ba a garin nan, zai sanar da kwamanda. Ya kuwa sanar. Da safe aka kira mijina aka ce tunda ya iya, ya je ya yi wa mahauta da makewayin kasuwa irin wannan aiki. Kwana bakwai ya yi yana feshi. Wata guda ko tuwo ya taɓa sai ya yi warin gerezil.

Baƙi kuwa sun riga sun zo, ba mota sai an kwana biyu. Baba ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce a zo a yi masa gaisuwa, ai an yi rashi a gidan. Ya riƙa tambayar dattawan nan abin da aka faɗa a kansa da labari ya iso. Suka ce an ce mutumin kirki ne, ya shayar da ƙasa ruwa.

"Kunnena ya yi nauyi," in ji Baba. "Ku maimaita."

Suka maimaita. Sannan ya shiga tambayar waɗanda ba su zo ba, ɗaya bayan ɗaya, da dalilin kowa. Wani amininsa da aka ce ya tsaya yankan gero, Baba bai sake amsa gaisuwarsa da daɗi ba har shekara ta zagayo. Bunsurun sadaka aka wanke shi da sabulu aka yanka, muka ci har da maƙwabta.

Kashegari da sassafe ina hura wuta na ga Baba ya fito da ɓawon kankana a hannu ya nufi bayan rumbu. Ya isa ya tsaya. Mun cike ramin, mun shafe katangar, wurin fari tas, ko tururuwa babu. Ya daɗe a tsaye. Na je na tsaya kusa da shi.

Ya ce, "Ɗiyata, waɗanda munka yi aikin rijiya da su duk sun tahi. Shi ɗai ya rage wanda ya ga shekarar hwarin nan da ni."

Na karɓi ɓawon daga hannunsa na ce, "Allah shi ba da haƙuri, Baba." Ya amsa da amin, kamar yadda ake amsa ta'aziyyar mutum. Mijina ya ce a bar wurin rana ta gasa shi wata uku kafin a sa wata dabba. Baba ya ce ko shekara uku ne ba abin da za a sa, kuma ba a sa ba. Bayan soja sun sauka, lokacin da gari ya cika da tutocin jam'iyyu, wani mai neman ƙuri'a ya ji labari ya aiko masa da ɗan kunkuru a kwali. Baba ya sa aka mayar masa, ya ce shi ba ya da sauran shekarun da zai jira wannan ya iya haƙa.

Gwaggo dai mako biyu ta yi mana, sauran suka koma suka bar ta. Ta ce tunda ta yi kukan yayanta a banza, sai ta zauna ta more shi. A cikin kwanakin nan ta lura ƙuda ya ƙaurace wa gidanmu, gara ma ta bar gindin rumbu. Ranar tafiyarta ta sa mijina ya juye mata ragowar gerezil a kwalba, ta toshe da totuwa, ta ƙulle a cikin kayanta. Muka raka ta tasha. Tana shiga mota fasinja suka fara tari, wata mai goyo ta leƙa da kai ta taga. Direba ya zagayo yana shinshina har ya tsaya a kanta, ya ce ko ita ko kwalbar, ɗaya zai sauka.

Gwaggo ta ce ba wanda zai sauka. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta ɗaga. A ƙarshe aka kafa mata tsani ta hau can saman mota, ta zauna a kan buhunan gero tsakanin akuya biyu, ta rungume ƙullinta. Motar ta tashi, tana ɗaga mana hannu tana faɗa mini in riƙa tauna magana kafin in fitar da ita.